Teburi Ɗaya a Samaru: Kundin Aikin Zauren Ɗaliban Zane

Asabar, 19 ga Oktoba, 2024

Yau muka karɓi makullin shagon da ke jikin nawa. Mai sayar da abincin kaji ne ya tashi daga ciki, don haka tun safe muke wankin daɓe har warin dusa ya ragu. Ba shi da girma: ƙofar ƙarfe ɗaya, taga ɗaya mai kallon bayan layi, sai 'yar rumfar kwano a gaba. Na biya hayar shekara guda, ɗalibai kuma za su ɗauki nauyin wuta, ruwa da shara. Zan riƙa rubuta yadda abin ke tafiya, ko wani zai so yin irinsa a garinsu.

Sana'ata ɗab'i ce, takardu da riguna, kuma mafi yawan masu shigo mini ɗaliban zane ne. Akwai masu karantar zanen gine-gine, akwai na tufafi da rini, akwai masu yumɓu, akwai masu zanen talla da tsara shafi, irin abin da ni ma na karanta. Wasu daga Jami'ar Ahmadu Bello suke, wasu daga sauran manyan makarantun Zariya. Kowa ya zo da filashinsa, a buga masa, ya naɗe takardar fuskarta na ciki don kada na kusa da shi ya gani, ya biya ya fita. Mutum biyu sai su shekara suna haɗuwa a bakin kantata, suna fama da matsala iri ɗaya, ba wanda ya taɓa tambayar ɗan'uwansa me yake yi. Da yawansu haya suke a Samaru, Hayin Dogo ko Palladan, inda ɗakin kwana shi ne wurin aiki.

Ni dai na yi imani zane ba ya girma a haka. Wanda ba ya ganin aikin kowa sai ranar juri, wato ranar da ɗalibi ke kare aikinsa a gaban malamai, nasa kuma ba mai gani sai malamin da zai ba shi maki, zai fita da takardar shaida, amma ba shi da wanda zai kira ranar da aiki ya cije masa.

Kafinta ya so ya yi mana ƙananan tebura a jera jikin bango, kowa da nasa. Na ce a'a, babba ɗaya nake so a tsakiya, wanda duk inda ka zauna kana fuskantar wani. Bango ɗaya kuma mun lulluɓe shi da allon silin mai taushi don kafe takarda. Doka ɗaya na kafa da kaina: abin da duk ka yi a zauren, ka kafe shi a bango kafin ka tafi, ya ƙare ko bai ƙare ba. Sauran dokokin na bar wa masu zama.

Asabar, 26 ga Oktoba

Tun farkon makon nan yawancin jihohin Arewa na cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Ga fetur ya haura naira 1,000 a lita. Injina ɗaya ne, ƙarami, sai muka ja waya ta taga zuwa zauren, muka yi karo-karon mai, ana tayar da shi bayan magariba zuwa ƙarfe goma.

Wurin ya cika, amma caji ne ya kawo mutane, ba zane ba. Kowa ya maƙala kwamfutarsa da wayarsa ya zauna zaman jira. Sai dai mai jira a teburi ɗaya ba shi da inda zai kai idonsa sai kan aikin maƙwabcinsa.

Daren jiya wani ɗan zanen gine-gine yana yankan kwalin samfurin gininsa, bakin yankan duk ya yi gashi-gashi, yana ta tsaki. Wata ɗalibar tufafi da ke gabansa ta daɗe tana kallo, can ta ce, "Malam, rezarka ta mutu. Kuma kana dannawa da ƙarfi ne a ja ɗaya. Ja uku marasa nauyi sun fi." Ta karya masa bakin rezar ta kai sabon wuri, ta dafe masa rular ƙarfe. Kwalin ya rabu sumul. Shi kuma da ya ga takardar da take maimaita fure a kai da ido, ya ciro takardarsa mai gidaje-gidaje ya nuna mata yadda za ta raba tazara ba tare da ƙiyasi ba. Sai da za a kashe inji suka tambayi juna suna.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Wuta ta dawo, masu caji sun koma inda suka fito. Waɗanda suka rage su goma sha biyu ne, kuma su ne suka zauna suka tsara dokoki: naira 500 kowane mako, littafin aro a kan kabad, duk wanda ya ɗauki abu ya rubuta, wanda ya fita a ƙarshe ya share.

Rigimar farko a kan sikirin aka yi ta. Na ba su guda biyu daga shagona. Ga wanda bai san aikin ba: raga ce mai laushi da aka ɗaure tam a jikin firam ɗin katako. Ana shafa mata magani mai kama haske a bar shi ya bushe a duhu, a ɗora zanen baƙi a kai, a fito da ita rana na ɗan lokaci. Inda rana ta taɓa maganin ya daskare, inda zane ya kare kuma ruwa ya wanke shi, ta nan fenti zai bi ya sauka a kan yadi idan aka ja shi da roba. Matsalar ita ce idan fenti ya bushe a cikin ragar, idanunta sun toshe ke nan. Wani ya buga rigunansa ya tafi lacca bai wanke ba, mai bi masa ya zo ya tarar da sikirin ya mutu, ga aikin da zai miƙa washegari. Har waje ana jin muryoyinsu.

Ban shiga ba, su suka sasanta, kuma abin da suka fitar ya fi wanda zan ba su. Daga yanzu ba mai bugu shi kaɗai. Wanda ke biye a layi shi ne mataimaki: shi ke shimfiɗa yadi, ya dafe firam, ya ɗaga, ya kai shanya, su wanke tare, sannan nasa lokacin ya fara. Da ma bugun sikirin aikin mutum biyu ne. Kuma yanzu ba ka da zaɓin wanda za ka taya, layi ne ke zaɓa maka.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Mun sa Alhamis bayan la'asar ta zama ranar duba bango, tunda Juma'a da Lahadi kowa da inda zai je. Zaman farko bai yi armashi ba. A tsaya gaban aiki, a yi shiru, sai wani ya ce "ya yi kyau, masha Allah," a matsa gaba. Kara ce, kuma ban raina ta ba, ita ke hana mu cin fuskar juna. Amma mai zane da aka ce wa ya yi kyau ya koma gida da abin da ya zo da shi.

Yau wata 'yar aji uku ta kawo tsari. Mai aikin ba zai yi magana da farko ba. Sauran za su faɗi abin da idonsu ya fara sauka a kai, da inda ya bi daga nan, ba yabo ba kushe. Bayan haka kowa yana da damar tambaya ɗaya. Sai a ƙarshe mai aikin ya faɗi abin da ya nufa.

Muka gwada a kan wata fosta ta wayar da kai game da zazzaɓin cizon sauro. Mutum biyar a jere suka ce idonsu kan jar rigar yaron ya fara sauka, daga nan ya fice ta gefen takarda. Ba wanda ya ambaci gidan sauron, alhali shi ne saƙon. Mai fostar bai jira an ce masa komai ba, ya ce, "Na gane, ja ya cinye mini aiki." Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya yaudare shi.

A juri ɗalibi kare kansa yake yi, domin maki na hannun mai tambaya. A nan ba mai maki, shi ya sa ake iya cewa "ban san yadda zan yi da wannan kusurwar ba." Hausa, Turanci da burokin duk ana cakuɗa su, wanda ya maƙale a ɗaya ya tsallaka ɗayan.

Asabar, 14 ga Disamba

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa. Fenti na bushewa a raga kafin a yi ja na biyu, ƙura na kwanciya kan takarda, tukwanen masu yumɓu kuma na tsagewa saboda baki ya riga gindi bushewa. Wata ɗaliba 'yar kudancin Kaduna, wadda kakarta maginiyar tukwane ce, ta hana a bar ɗanyen aiki a buɗe. A rufa masa jiƙaƙƙen tsumma, a sa leda, a tura ƙarƙashin teburi inda iska ba ta kaiwa, ya bushe a hankali.

Ba mu da injin juya tukunya, sai ta nuna ginin hannu. Ta kafa gindin a kan tsohon kasko, tana murza yumɓu dogo-dogo tana ɗorawa, ita ce ke zagaya tukunyar da baya-baya, hannu ɗaya a ciki yana tokarewa, ɗaya a waje yana jan bango sama. 'Yan gine-gine suka ajiye rula suka kewaye ta. Ɗayansu ya tambayi abin da ke hana bangon ruftawa ciki idan ya fara rufewa, ta ce sai ka bar na ƙasa ya yi ƙwari kafin ka ɗora masa nauyi. Ya ce haka magina ke yi da bakan ɗakin soro.

Na ciro naira 20 na nuna musu bayanta. Ladi Kwali ce, wadda ta koyi ginin tukunya a gida irin na Gwari, kafin ta shiga cibiyar koyar da tukwane da wani Baturen Ingila maginin tukwane, Michael Cardew, ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu. A 1954 ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi injin juyawa da gashi mai zafi da shafe mai ƙyalli, ba ta kuma yar da ginin hannu da zanen ƙadangaru da kifaye da ta zo da su ba. A 1977 jami'ar nan ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Abin da nake so su lura da shi, ba koya kawai ta je yi ba, da abinta ta shiga.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Littafin aro ya nuna abin da ido bai kama ba: bayan magariba kusan ba sunan mace. Lokacin nan kuwa shi ne mai wuta da sanyi, kuma a nan ake mafi yawan hira kan aiki. Masu zama gidan iyaye ko na 'yan'uwa dole su koma da wuri. Karo-karo ɗaya suke biya da maza, amma rabin amfanin suke samu.

An gyara tsari. Daga hantsi zuwa la'asar mata ke da fifiko a sikirin da kan teburi, kuma an haɗa kuɗi an sayi ƙaramin batir da faifan sola don kada aikin rana ya dogara da inji.

Ranar Laraba gwaggon wata ɗaliba ta zo da kanta ganin inda 'yarta ke wuni. Ta duba ciki, ta duba rumfa, ta tambayi inda mata ke salla. Na ce, "Hajiya, a shagona suke yi, akwai labule." Ta ce, "To ɗana, ƙofar nan kada a riƙa rufe ta." Na ce in sha Allahu. Ta daɗe gaban wani rinin shuɗi da ke bango, ta ce a garinsu mahaifinta marini ne, kuma wannan bai sha baba ya ƙoshi ba, tsomi ɗaya aka yi masa. Gaskiyarta ce. Yadi daga cikin baba kore-kore yake fitowa, iska ce ke mai da shi shuɗi, kuma sai an maimaita tsomi da shanya yake yin duhu. Ta yi alkawarin dawowa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mun shiga cikin birni wurin masu ɗinkin hannu na manyan riguna. Da yawan ɗaliban, har da waɗanda suka shekara uku a Samaru, ba su taɓa wuce Ƙofar Doka ba.

Mun same su zaune a zaure kan tabarma, kowa da riga a cinya. Dattijon da ke zana musu ya shimfiɗa aljihun wata riga, ya tsoma alƙalami a tawada, ya zana adon da ake kira aska takwas ba rula ba awo, ya juya ya zagaye adon da ake kira tambari. Wani ɗalibinmu ya ce, "Baba, a ina ka koyi auna tazarar?" Ya ce, "Ɗana, a nan inda kake tsaye. Ina yaro zare nake miƙawa, ina kallo." Ya bayyana mana cewa riga ɗaya hannu da yawa take bi: mai zane daban, masu cika ɗinki daban, mai haɗa riga daban, sannan a kai gidan bugu ta yi ƙyalli. Muna nan wani saurayi ya miƙa wa na kusa da shi ɗinkinsa ba tare da ya ce uffan ba, wancan ya duba, ya nuna masa wuri ɗaya da farce, ya mayar masa. Saurayin ya warware layin ya sake.

A hanyar dawowa ɗaliban suka yi ta gardama a mota kan ko za a iya kiran dattijon mai zane irin nasu, tunda ba ya ƙirƙiro sabon fasali. Wata ta ce duk wanda ya ga yadda ya rage tsawon askar don ta dace da faɗin aljihun ya san tsara abu yake yi, ba kwafa ba. Ina tare da ita.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gardamar mota ta biyo mu zaure, sai na ba su labarin waɗanda suka riga su yin ta a garin nan. A 1958 wasu ɗaliban zane na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyarsu, wadda ake wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Yawancin malamansu Turawa ne, kuma salon Turai ake koya musu. Ba su ƙi koyo ba. Abin da suka ce shi ne kowa ya koma ya binciki zanen gidansu ya haɗa da dabarun da ya samu a aji. Okeke ya koma kan uli, zanen jiki da bango na Ibo. Onobrakpeya ya ɗauko tatsuniyoyin Urhobo ya zama gwanin ɗab'in hoto.

Ƙungiyar ba ta wuce 'yan shekaru ba, amma dubi abin da ya biyo baya. Nwoko ya gina cocin Dominikan a Ibadan, kuma a 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a bikin zanen gine-gine na Venice. Onobrakpeya tun 1998 yake tara masu zane a Agbarha-Otor ta jihar Delta, su zauna wuri ɗaya su yi aiki tare. Mutumin da ya ɗanɗani irin wannan zama yana saurayi ne ke gina wa wasu irinsa da ya girma.

Ban faɗa musu don su ɗauki kansu 'yan tawaye ba. So nake su san cewa zaman da suke yi bayan lacca ba ɓata lokaci ba ne.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kama ranar 1 ga wata, na Kiristoci kuma ya fara ranar 5, don haka kusan kowa a zauren bakinsa a ɗaure yake ta wata fuskar. Aikin rana ya ragu, aka koma bayan tarawihi ga masu iya fitowa. Buɗa-baki a rumfa ake yi, kowa da abin da ya kawo. Mai tukwane ce ke sayo ƙanƙara tun kafin a kira salla, ita da ba ta jiran kiran.

A wannan watan suka zaɓi aikin haɗin gwiwa na farko: salon haruffa na Hausa don allunan shaguna. Duk mai aikin ɗab'i ya san ciwon. Ka zaɓi salo mai kyau a kwamfuta, ka rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, sai akwati ya fito, ko harafin ya faɗo daga wani salon daban ya tsaya a tsakiyar kalma bai dace da kowa ba. Shi ya sa alluna da yawa ke zubar da lanƙwasar gaba ɗaya. Wani ɗalibi ɗan Maraɗi ya tuna mana cewa a Nijar ƴ suke rubutawa inda mu muke sa 'y, don haka za a zana duka biyun.

Sun gayyato wani gardi da ke yi wa masu sauka zayyanar allo. Ya fere alƙalamin kara a gabansu, ya yanke bakin a karkace, ya nuna yadda kauri da sirantar layi ke fitowa daga juya hannu kawai. Da wannan alƙalami aka fara gwada lanƙwasar. Ta ɗ ta fi ba da wuya: idan ta yi tsawo sai ta hau kan harafin da ke gaba, idan ta gajarta kuma daga tsallaken titi d za a gani. An kafe gwaji kala-kala a bango, aka riƙa fita bakin titi ana hangowa ta ƙofa. Masu tufafi suka fi kowa saurin gane wanda ya yi nauyi, idonsu ya saba da maimaici. Gardin bai karɓi kuɗi ba, ya ce a buga masa katin ɗaurin auren ƙanwarsa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Makon nan ya yi mana nauyi. Wani ɗan zanen talla ya daɗe yana sarrafa wani fasali da ya ɗauko daga zanen fuskar wani tsohon gida a birni, ya karkata shi, ya yanke rabinsa. Makonni yana kafe a bango, kowa na gani. Sai ga wata ɗalibar tufafi ta miƙa yadi a makaranta da fasali mai kama da shi ƙwarai, aka kuma yaba mata. Labari ya dawo masa.

Muka zauna ranar Alhamis, ba a duba aikin kowa ba. Ya ce sata ce, kuma dokar bango ce ta tona masa asiri. Ta yi rantsuwa ba ta zauna ta kwafa ba, ita ma ta je birnin, ta ga gidan, kuma ba ta san lokacin da karkatarwar ta shiga hannunta ba. Ta yi kuka. Wani ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, wanda ke kallon abu kullum dole ya shafe shi.

Na yarda da ita cewa ba da gangan ba ne. Na kuma yarda da shi cewa an cuce shi, domin gidan na kowa ne, amma karkatarwar tasa ce, kuma ita ce ta sa fasalin ya yi rai. Wuri irin wannan an buɗe shi ne don aikin wani ya shafi na wani. Ba za a nemi amfanin a ce ba a son haɗarin ba. Abin da za a iya shi ne a san na wane ne, a kuma faɗa.

Ga abin da aka tsayar. Duk abin da za a kafe, a rubuta suna da kwanan wata a gefensa. Wanda ya ga abin da yake son ɗauka ya tambayi mai shi a gaban mutane. Wanda aka taimaka wa ya ambaci sunan mai taimakon a bayan aikinsa, da kuma a gaban malamai. Aikin da wani ya biya kuɗi a yi masa an cire shi daga dokar bango. An kaɗa ƙuri'a kan ko a soke dokar gaba ɗaya, mutum biyu ne kawai suka goyi baya.

Ita ta je ta faɗa wa malaminta inda fasalin ya samo asali, ba wanda ya tilasta ta. Shi kuma ya cire ayyukansa daga bango, bai sake zuwa ba. Yana shigowa shagona bugu, muna gaisawa. Shi ne ya zana manyan Ɓ, Ɗ da Ƙ, kuma an bar sunansa a kansu.

Asabar, 10 ga Mayu

Ruwan farko mai ƙarfi ya nuna mana inda kwano ke yoyo, daidai saman bangon kafe aiki. Takardu kaɗan suka jiƙe. An liƙe, an kuma matsar da allon silin ɗin daga jikin bango da 'yan katakai.

'Yan gine-gine na shirin juri, zauren ya koma nasu. Masu tufafi na yanka musu tagogi, mai tukwane na murza ƙananan tuluna da za a jera a tsakar gidan samfurin, masu tsara shafi na gyara musu rubutun allunan bayani. Ba wanda ya raba wannan aiki. Da asuba na tarar da biyu suna barci a kan benci, na uku na riƙe da bangon kwali yana jiran gam ya kama.

Asabar, 31 ga Mayu

Ga inda aka tsaya. Masu biyan karo-karo yanzu sha tara ne, teburin kuma ba ya ɗaukar fiye da goma a lokaci guda, don haka an fara rubuta suna a jadawali. Wasu na son a kawo teburi na biyu a rumfa. Ina jin tsoron kada a wayi gari 'yan gine-gine na ciki, masu tufafi na waje, kowa ya koma cikin nasa. An bar maganar sai Alhamis.

Huɗu daga cikin waɗanda aka fara da su na gab da kammala karatu, cikinsu har da mai riƙe da littafin aro da mai tsarin duba bango. An ce kowannensu ya zaɓi ɗan aji ɗaya ko biyu ya riƙa zama kusa da shi daga yanzu. Hayar shekara mai zuwa za ta zo a Oktoba, kuma sun ce ba sa so ta sake faɗowa kaina ni kaɗai. Shawarar da ke gaba ita ce a riƙa karɓar aikin allunan shaguna da bugun riguna da sunan zauren, a ware kaso.

Ƙananan haruffa sun kammala, manya saura gyaran tazara, lambobi ba a fara ba. Wani tela a layinmu ya yarda a gwada a allon shagonsa, mai ɗauke da "ɗinkin maza da mata". An yanka haruffan a takarda mai kauri, an sayi fenti. Ranar Litinin za a hau tsani, idan ba a tashi da ruwa ba.